Kudus da Kunnen Alhaji Ishawu

Shekara uku muna zaune ɗaki ɗaya da Kudus a unguwar Tremont da ke Amerika, kuma a shekara ukun nan ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ni sunana Tsoho, mutumin Kano, tasi nake ja. Shi kuwa ɗan zangon Kumasi ne, unguwar Hausawa a Ghana, wankin mota yake yi a wani gareji a Morrisania, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara wuyan riga ya ce maka injiniyan sauti ne. Da na bi diddigi, ashe wani mai kiɗan biki ya taɓa riƙe wa waya sau biyu a Kumasi. Rediyona da ya gyara, har yau ba ta kama komai sai tashar masu Sifaniyanci. Fankarmu kuwa tun ranar da ya taɓa ta bango take yi wa fifita.

Duk wannan da sauƙi, tunda a ɗaki yake tsayawa. Abin ya fita titi ne a azumin 2013, wanda ya faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da Kudus ya shiga neman auren Safiatu.

Safiatu 'yar Alhaji Ishawu ce, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, mace mai natsuwa wadda ba ta dariya sai abu ya kai a yi masa dariya. Ban san abin da ta gani a jikin Kudus ba, amma tana sauraronsa, har takan aiko mana da koko da ƙosai na buɗa-baki. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, son gaske yake yi mata. Ita kaɗai ce in ta kira waya yake rage murya. Manya sun je sun yi magana, Alhaji ya ce ya ji, a ba shi lokaci ya dubi yaron, zai ba da amsa ranar Juma'ar ƙarshe ta azumi bayan an sauko daga masallaci. Kowa a unguwa ya san Alhaji Ishawu magana ɗaya yake yi.

Na ce, "Kudus, abin da ya rage maka bai wuce ka kama bakinka na kwana ashirin ba. Ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, ka wuce."

Ya ce, "Cale," wato aboki a bakin mutanen Ghana, "kai ba ka san surukin Amerika ba. Nan ba a auren mai sunkuyar da kai. Sai ka nuna kana da amfani."

Ba a yi kwana biyu ba amfanin ya samu. Alhaji gadi yake yi a wani dogon gini a Manhattan, kullum yana cikin jirgin ƙasa zuwa da dawowa. Yana da wata 'yar na'urar MP3 mai girman akwatin ashana, wadda aka cika masa da tafsirin malaminsa na gida, ita yake ji a hanya. To, iyafis ɗin na'urar ya mutu kunne ɗaya, ɗayan kuma ƙarar jirgi ta fi ƙarfinsa. Alhaji ya ambaci haka a ƙofar masallaci, ba da kowa yake ba, ƙorafi ne kawai irin na tsofaffi. Kafin ya rufe baki Kudus ya tsallake takalman mutum biyar ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ka bar mini wannan! Fannina ne. Zan kawo maka irin wanda yake shiga cikin kunne ya toshe ƙara gaba ɗaya. Ko jirgin ya faɗi ba za ka ji ba."

"Allah ya kiyaye jirgin ya faɗi," in ji Alhaji. "Ai Safiatu ta ce za ta sayo mini."

"Baba, Safiatu magani ta sani, ba ta san sauti ba."

Alhaji ya dube shi ya ɗan jima, sannan ya ce to.

Irin wannan iyafis yana zuwa da wasu 'yan robobi masu taushi da ake maƙala masa a baki, ƙanana da matsakaita da manya, kowa ya zaɓi daidai ramin kunnensa. Na ce wa Kudus ya tambayi Alhaji wanne yake sawa, ko ya sa Safiatu ta tambaya. Ya dafe ƙirji.

"In tambayi surukina girman kunnensa? Ba ni da kunya ne? Ni da ido nake awo."

Mutumin da bai taɓa jin kunyar komai ba, sai a nan kunya ta zo masa. Kwana uku a jere yana kutsawa sahu ya tsaya kusa da Alhaji, ana salla yana karkace wuya yana leƙen kunne. A rana ta uku Malam Ɗanasabe, na'ibin limaminmu, ɗan Damagaram mai kaifin harshe, ya ja shi gefe ya ce, "Malam Kudus, alƙibla tana gaba. Ba ta cikin kunnen Alhaji."

Ranar Alhamis, ana gobe Juma'ar da Alhaji zai ba da amsa, ya tilasta mini na kai shi Fordham Road, rumfar Kwabena mai kayan waya. Kwabena ba Bahaushe ba ne, amma a zango ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Kudus ya sa ya sauko da iyafis kala takwas. Ya ɗalli wannan da farce, ya kara wancan a goshi, ya shinshina na uku, ya ce wayarsa ba ta nuna ba.

"Ina son mai bes paa, mai duka sosai," in ji shi. "Wanda in ya buga za ka ji a haƙori."

Kwabena ya ce, "Ba tafsiri ka ce za a ji ba? Me tafsiri zai yi da bes?"

"Malamin yana da babbar murya."

"To ga wannan, ba tsada, tsofaffi suna son shi."

"Baƙi? Surukina zan ba baƙi? Kawo mai ruwan gwal ɗin can."

Aka kawo. Kudus ya buɗe kwali a kan teburin, ya zaro manyan robobi biyu ya maƙala, ya tattara ƙanana da matsakaita ya watsa a kwandon shara.

Kwabena ya yi tsalle. "Kai! Me ka yi ke nan? Ka kai masa duka ya gwada da kansa. Yawancin mutane matsakaici ne yake yi musu."

"Yawancin mutane! Alhaji Ishawu ne yawancin mutane? Mutumin da ya je Makka sau uku, in miƙa masa ƙaramin sayiz a gaban jama'a? Cin mutunci ke nan. Babban mutum, babban sayiz."

"Cale, ramin kunne ba ya ƙaruwa da zuwa Makka."

"Kai dai sayarwa ka iya. Ba ni wani irinsa, nawa na kaina." A nasan ma ya zubar da ƙananan, ya ce ai shi ma ba yaro ba ne.

A mota na ce ya ajiye kyautar sai bayan Alhaji ya ba da amsa. Ya ce ni ban san dabara ba, ai kafin amsa ake buga wa mutum abin mamaki.

Ranar Juma'a rana ta buɗe sosai, kwalta har tana ɗanko. Aka sauko daga masallaci, jama'a suka cika gefen titi, mutanen Ghana da na Nijar da namu, kowa leɓe a bushe. Labari ya riga ya zaga cewa yau Alhaji zai yi magana, saboda haka ba wanda ya yi saurin neman takalminsa. Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, ya gyara murya. Na riƙe gefen rigar Kudus, ya fizge.

"Baba, kafin ka yi magana, ga ɗan abin da na yi alkawari. Jama'a ku matso ku ga kaya! Wannan ba irin na gefen titi ba ne. Da kaina na auna."

Ya karɓi na'urar Alhaji ya jona, ya ce da dama ake farawa, ya kai iyafis kunnen dama. Roba ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya ja kunnen sama kamar mai yi wa yaro horo, ta ƙi.

"Ɗana, kamar ya yi mini girma," in ji Alhaji.

"A'a Baba, kai ne ka yi masa girma. Kunnen ne bai saba ba."

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin man kaɗe, wanda yake shafa wa hannunsa saboda sabulun wankin mota. Mutanen zango sun yarda da man kaɗe fiye da yadda suka yarda da likita, shi ya sa ba wanda ya hana shi, wasu ma har gyaɗa kai suka yi. Ya lakato ya dambara wa robar har ɗan ramin da sauti ke fita ya cike. Ya saita, ya danna da babban yatsa. Muka ji "fut!" Idon Alhaji ya fito waje.

Kudus ya kunna na'ura, ya ja baya, ya harɗe hannu. "Yaya, Baba?"

"Ba na jin komai."

"Kun ji ko? Ya toshe ƙara!"

"Har malamin ya toshe," in ji Alhaji. Ya kama waya ya ja. Waya ta fito da ɗan tsinken ƙarfe tsirara, roba ta yi zamanta a ciki.

Nan take kowa ya zama likita. Wani ya miƙo mukullin mota, wani tsinken sakace. Kudus ya karɓe duka ya ce kada wanda ya taɓa, aikin injiniya ne. Duk abin da ya zura sai robar ta ƙara matsawa ciki, don man kaɗe ya sa ta santsi. Da ya ga haka ya ce Baba ya karkata kai ya yi tsalle da ƙafa ɗaya. Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba. Alhaji Ishawu, mai shekara sittin da takwas, da babbar riga, ya yi tsalle sau biyu a gefen titi, mutanen cikin wata bas da ta tsaya a danja suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

"Tsoho, kawo injin zuƙar ƙurar motarka!"

Na ce ba zan kawo ba. Ya ciro mukulli daga aljihuna ya ɗauko da kansa. Ya kara a kunnen Alhaji ya kunna. Injin ya bar kunne ya cafke hula, ya zuƙe ta har rabi, sai da mutum biyu suka ja kafin ta fito a murɗe.

Ana cikin haka Malam Ɗanasabe ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Mai nawa aka sa a kunnen nan?"

"Kaɗan ne, Malam," in ji Kudus.

"Rabin gwangwani ne," in ji ni.

Malam ya ce, "To akwai magana. In man nan ya narke ya gangara ya isa maƙogwaro, azumin yau ya tafi, sai ramuwa."

Alhaji, wanda duk tsallen nan da zuƙar hula bai ce uffan ba, sai a nan ya buɗe baki. "Shekara hamsin ban sha azumi ko ɗaya ba, Malam. Ko ranar da aka yi mini aikin ido ban sha ba." Ya kwantar da kansa a kafaɗar dama don kada man ya gangara, ya ƙi haɗiye ko yawu.

Gardama ta ɓarke. Mutanen Kumasi suka ce man kaɗe daskararre ne, ba ya gudu. Mutanen Nijar suka ce a wannan zafin ko dutse ka sa a kunne sai ya narke. Wani ɗan garinmu ya ce shi ya taɓa jin cewa kunne ba shi da hanya zuwa ciki, aka ce masa ya kawo littafin. Wani ya buɗe lema a kan Alhaji, wani yana yi wa kunnen fifita da takardar sanarwar zakkar kono.

"Ƙanƙara!" in ji Kudus. "In ya yi sanyi ba zai narke ba. Kimiyya ce."

Ya ruga kantin kusurwa ya dawo da ƙanƙara a leda, ya ɗora wa Alhaji a kunne. Ledar ashe a huje take. Ruwa ya fara bin wuyan Alhaji yana shiga riga.

Malam Ɗanasabe ya ce, "Madalla. Da mai kaɗai muke tsoro, yanzu ga ruwa."

A nan ne jama'a suka juyo kan Kudus. Wata dattijuwa mai sayar da dabino ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai neman aure ya toshe surukinsa ba. Wani ya ce a kira motar asibiti, wani ya ce a kira 'yan sanda. Na raɗa masa cewa ya durƙusa ya ba da haƙuri, ko Allah zai sa a tsira da wani abu. Ina! Sai ya hau kan wani akwatin lemo.

"Jama'a, kaya ba shi da laifi kraa, ko kaɗan! Baba ne ya fizge. Akwai yadda ake cirewa, sai an murɗa hagu, a ɗan dakata, sannan a ja. Ku tsaya ku gani."

Ya zaro nasa iyafis ɗin daga aljihu. Ya lakaci man kaɗe ya dambara wa robobin biyu, har ya fi na Alhaji yawa, don a ga bai ji tsoro ba. Ya danna dama, ya danna hagu. Ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai wasan dabo, ya murɗa, ya dakata, ya ja. Wayoyi biyu suka fito tsirara.

Wallahi duk da ƙishirwa sai da mutane suka riƙe ciki. Mai dabino ta zauna a ƙasa. Har Alhaji, da kansa a kwance a kafaɗa, na ga gemunsa yana rawa.

"ME KUKA CE?" in ji Kudus, da ƙarfin da ya sa tattabaru suka tashi daga kan rufin masallaci. "KU ƊAGA MURYA! BA KOMAI, NA SAN YADDA ZAN YI!"

Malam ya ce, "Shi ma a karkatar da shi."

"Ta wane gefe, Malam? Duka biyun ne."

"To ya tsaya a miƙe, Allah ya fid da shi."

Ashe matar wani ta riga ta buga wa Safiatu waya. Sai ga ta ta sauko daga bas da kayan aiki a jikinta, da jaka a kafaɗa. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta dubi mahaifinta, ta dubi Kudus a kan akwati da wayoyi suna reto a hannunsa, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta nuna wa Kudus ya sauka, ta zaunar da Alhaji a kan akwatin, ta fito da 'yar tocila da hantsaki.

"Baba, kada ka motsa."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta ɗago robar tana ƙyalli da mai. Ta goge kunnen da auduga.

Malam Ɗanasabe ya matso. "Alhaji, ka ji ɗanɗanon wani abu a maƙogwaro?"

"Ban ji ba."

"To azuminka yana nan."

Aka ɗauki hamdala. Alhaji ya miƙe, ya karɓi hularsa a murɗe ya sa a haka, ya yafito Kudus da hannu. Kudus ya zo ya durƙusa, ya kafa wa bakin Alhaji ido. Safiatu ta matso da hantsaki za ta cire masa, mahaifinta ya ce ta dakata, ya yi alkawarin magana bayan Juma'a kuma an riga an ɓata lokaci. Ya dafa kafaɗar Kudus, ya yi magana a hankali, ba faɗa.

"Yaron nan ba mugu ba ne, na sani. Amma kwana uku yana leƙen kunnena a sahu, bai iya buɗe baki ya tambaye ni ba. Na ce masa abu ya yi mini girma, ya ce ni ne ban saba ba, ya danna da yatsa. Ni kunne ne, an cire. 'Yata zama za ta yi da shi. Ban bayar ba."

Kudus bai ji ko harafi ɗaya ba. Abin da ya gani kawai hannu a kafaɗarsa, da fuskar Alhaji ba fushi, da dattawa suna gyaɗa kai. Ya daka tsalle.

"ALHAMDU LILLAHI! NA GODE BABA! ALLAH YA ƘARA GIRMA!" Ya rungume Malam Ɗanasabe, ya bi sahu yana ba mutane hannu ɗaya bayan ɗaya. "KOWA YA ZO BIKI! BA SAI AN ƊAUKO MAI KIƊA BA, NI ZAN HAƊA SAUTI DA KAINA! TSOHO, BAN GAYA MAKA BA?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mutane suna miƙa masa hannu suna kallon ƙasa. Ni da na shekara uku ina jiran ranar da bakinsa zai ja masa, da ranar ta zo sai na ji tausayinsa ya kama ni, na kasa haɗa ido da shi.

Safiatu ce ta tare shi. Ta kama haɓarsa ta juya kansa gefe, ta haska tocila, ta zura hantsaki, ta zaro ta dama. Ƙarar titi ta faɗa masa a kunne har ya ɗan zabura. Ya washe baki, ya rage murya.

"Safiatu, kin ji ko? Kin ji abin da Baba ya ce?"

"Na ji, Kudus. Kai ne ba ka ji ba." Idonta ya kawo ruwa. "Baba ya ce a'a."

"A'a?"

"A'a."

Ya waiga ya dubi Alhaji, wanda ya riga ya juya yana neman takalminsa. Ya dubi mutanen da ya gama ba hannu. Ya dube ni. Sannan ya dubi 'yar robar da ke bakin hantsaki, ya karkato mata da kunnensa.

"Don Allah, Safiatu," in ji shi, "mayar mini da ita."